Hayar Tsohon Gida a Leipzig: Bayani ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ga bayanin da kuka nema kan gidan haya, tunda yaronmu na shirin tahowa karatu.

Gidan da na kama yana unguwar Waldstraßenviertel a birnin Leipzig, nan Jamus. Yawancin gine-ginen unguwar na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Sun sha wuya zamanin Jamus ta Gabas, sai bayan haɗewar ƙasar a 1990 aka bi su da gyara ɗaya bayan ɗaya. Daga daɓe zuwa silin ya haura mita 3, daɓen na katako ne, ƙofofin dogaye masu ganye biyu, kusurwar silin kuma furanni ne aka zana da hannun magina na da. Doka ta kare irin waɗannan gidaje, mai gida ba ya sauya musu fuska sai da izinin hukuma.

Kafin in tsaya a nan na leƙa Grünau, rukunin benayen kankare da aka fara ginawa a 1976. Can haya ta fi sauƙi, dogayen benayen suna da lif, ɗaki kuma nan da nan yake ɗumi. Nawa babu lif, duk cefane a ƙafa nake hawa da shi.

To amma inda nake so ku natsu shi ne kuɗin ɗumama ɗaki. Farashin da ake fara nunawa a talla galibi na ɗakunan ne zalla. Ruwa, kwasar shara da ɗumama ana ƙiyasta su a ɗora duk wata, sannan sau ɗaya a shekara mai gida ya turo lissafi: ko a mayar maka da rara, ko ka ciko. Dogon silin da ya burge ni ranar farko, shi ke shanye ɗumi da hunturu. Shi ya sa in an ce maka an gyara gida, ka tambaya me aka gyara. Fenti da bayi ne kawai, ko har da tagogi da tukunyar ɗumama? Tsofaffin gidajen da doka ta kare ba dole ba ne su nuna takardar shaidar cin makamashi, don haka lissafin bara na wanda ya tashi shi ne abin nema.

Kicin kuwa fanko na tarar da shi, bututun ruwa biyu kawai a bango. Murhu, firji, wurin wanke-wanke, har ƙwan fitila, duk ni na sa.

Ta fannin doka ɗan haya yana da gata, wannan kam na yaba. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata 3, kuma ana iya biyansa kashi uku. Tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa. Sai dai kafin a ba ka mabuɗi za a nemi takardun albashi da rahoton Schufa mai nuna ko kana biyan bashi. Bayan tarewa dole a yi rajista da hukumar gari cikin mako 2, kuma kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin.

Abin da ya riƙe ni a unguwar shi ne lambun Rosental, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofata. Da bazara dajin gaba ɗaya ƙamshin tafarnuwar daji yake yi. Akwai wani gefe da ake hango raƙuman dawa na gidan namun daji ba tare da biyan ko sisi ba. Ranar da ake ƙwallo a filin wasan da ke kusa ne kawai unguwar ke cushewa.

Shawarata, Yaya, yaron ya fara da masaukin ɗalibai, don ba shi da takardar albashi, ba shi da tarihi a Schufa. Ya nemi gurbi da wuri saboda layi ake bi. In takardar shigarsa jami'a ta fito ku turo min hotonta, zan taimaka masa da cike fom ɗin. A gaida mutanen gida.