Wata uku da Samsung 870 EVO: gudu kam akwai, amma harafin D ya so ya tayar min da hankali

Sana'ata tace bidiyon biki da suna, kuma tsohuwar kwamfutata ta tebur ta kai matsayin da idan na kunna ta sai in je in dafa shayi in dawo kafin ta gama tashi. Shi ya sa na sayi SSD ɗin Samsung 870 EVO mai 500GB, wato rumbun ajiya na kwamfuta mai sauri. Na ɗora masa sabon Windows 10, tsohon rumbun ajiyar kuma na bar shi a ciki saboda ayyukan mutane.

Maganar gudu ba sai an ja ta ba. Kamfanin ya ce yana karanta megabayit 560 a daƙiƙa, yana rubuta 530. Ni dai abin da na gani shi ne kafin in gyara zama kwamfuta ta buɗe, babu ƙara, babu wannan kirrr ɗin na da.

Rikicin ya zo ne da na buɗe aikin wani biki da zan miƙa washegari. Ko'ina ja, manhaja ta ce ba ta ga bidiyo ko ɗaya ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka na goge kayan amarya ne wajen sa Windows. Ashe haruffan da Windows ke ba kowane ɓangaren ajiya ne suka yi musaya. A da tsohon rumbun kashi biyu ne, C da D, kuma duk ayyukana suna D. Da sabon ya karɓi C, sai tsohon C ya zama D, ma'ajiyar ayyukana kuma ta koma E. Manhaja tana ta ƙwanƙwasa ƙofar D, masu gidan sun tashi sun koma maƙota.

Gyaran bai ci minti biyar ba, amma sai da na ɓata awa biyu kafin na gano shi. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta diskmgmt.msc. A nan ne ake danna ɓangaren da gefen dama na linzami a zaɓi Change Drive Letter and Paths. Abin da ya ɗaure min kai shi ne D bai fito cikin jerin haruffan ba, tunda wani na riƙe da shi. Sai da na fara mayar da tsohon C zuwa Z, sannan D ya sami sarari na ba wa E. Na buɗe aikin, ga amarya ga ƙawayenta, babu abin da ya ɓata. C dai ban taɓa shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa, don a kansa Windows yake zaune. (Haruffan A da B kuwa tun zamanin fulofi, wato tsohon faifan ajiya, aka ware su, shi ya sa ƙirga ke farawa daga C.)

Wani abin kuma: 500GB ɗin 465 ya nuna. Har na ɗauki waya zan kira mai shago, sai wani abokina ya ce, "Malam, ajiye wayar nan, kamfani da dubu yake ƙirga, Windows kuma da 1024."

Zan sake saya? Ƙwarai kuwa, sai dai mai 1TB, don bidiyon biki uku sun kusa cinye wannan.