Boswajar Tamiya ta 1966: sati bakwai a kan motar santimita 17

Tun ina yaro nake da son ƙananan motoci. Mun yi motar kara, mun yi ta gwangwanin madara mai tayar silifas. Amma sai bana, da furfura ta fara leƙowa a gemu, na sayi irin wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya harhaɗa da hannunsa ya yi mata fenti. Na zaɓi Volkswagen 1300 Beetle ƙirar 1966 ta kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, saboda Boswaja ce motar da Baba ya riƙa kai mu gaishe da Kaka a cikinta, mu huɗu a kujerar baya, ƙarar inji na dukan ƙeyarmu.

Ma'auninta 1/24 ne, wato kowane santimita ɗaya a jikinta yana matsayin 24 a babbar mota. Da aka gama, tsawonta bai wuce santimita 17 ba. Ta intanet na yi oda, kuma mai sayarwar ya ɓata min rai: ya ce sati biyu, sai da aka yi biyar, kwalin ya iso da lotsawa a kusurwa ɗaya. Allah ya taimaka babu abin da ya karye a ciki.

Abin da ke cikin kwalin: gangar jiki guda, sauran kayan a manne jikin firam na roba, gilasai, kayan da aka shafa wa ruwan azurfa irin su bamba da wilkaba, tayoyin roba masu laushi, takardar lambobi da ake jiƙawa a ruwa a manna, sai takardar bayani. Bayanin da Japananci ne da Turanci da Jamusanci da Faransanci, amma zanen kaɗai ya isa. Kowane yanki da lambarsa, kowane wuri an nuna launin da za a shafa masa. Babu gam a ciki, babu fenti. Haka irin waɗannan kwalaye suke zuwa, don haka mai niyya ya tanadi nasa tun kafin kaya su iso.

Inda kuɗina ya fita shi ne injin. Duk wanda ya san Boswaja ya san injinta a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu nan biyu can, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle a zuba ruwa. To haka suka fitar da shi: ga gidan fanka, ga janareta, ga kafireta a tsakiya, ga fambel, ga salansa mai bututu biyu. Yankin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, kana ɗora shi sai ya zauna daram a gurbinsa, ba sai ka kankare ba, ba sai ka tilasta ba. Dare uku na yi a kan injin nan kaɗai. Wayoyin fulogi ni na ƙara da kaina: na fasa tsohuwar wayar cajar salula, na zare siraran tagulla huɗu, na huda da allura mai zafi, na bi da su da matsefata ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun ta kuɓuce min sau biyar. Da na rufe murfin injin na sake buɗewa, wallahi sai da na ji kamar warin mai da ƙura na garejin Baba ya bugo ni.

Gaba ma ba a bar ta fanko ba, safaya taya na nan a inda ake ajiye ta. Cikin motar sauƙi gare shi kamar na asalin: sitiyari a hagu, agogon gudu a dashbod, sandar giya siririya.

Kuskure biyu na yi, kuma duka nawa ne. Na farko, na manna gilashin gefe da sufa gulu. Kafin gari ya waye ya yi fari fat kamar an hura masa hazo, domin tururin wannan gam yana kama roba mai haske. Da samfefa mai lamba 2000 da man goge baki na ceto shi, awa biyu ina murzawa. Gilashi farin gam na kafintoci yake so, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Sauran jikin kuwa gam ɗin Tamiya mai koren murfi na yi amfani da shi, mai ruwa-ruwa, wanda ke bin tsaga da kansa ya narkar da gefen biyu su zama ɗaya. Ban ga kamarsa ba.

Na biyu, na yi feshin fenti a tsakar gida ana tsakiyar hunturu. Ƙura ta sauka a kan rufin tun fentin bai sha iska ba, ya zama kamar bayan kada. Dole na goge na sake. Karo na biyu na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki da asuba, na fesa sama-sama sau uku da tazarar minti ashirin, na kife roba a kai har kwana biyu. Ruwan madara na yi mata, kalar ta Baba. Fentin gwangwani na masu gyaran mota na saya a kasuwa, kuma ina gargaɗi: a fara fesa firaima, wato fentin shimfiɗa da ake yi kafin ainihin launi, a gwada a jikin firam ɗin da aka cire kaya, saboda wani fentin yana cin roba.

Ƙyallin bamba ya yi min yawa a ido, abin da na lura da shi a yawancin ƙananan motoci irin wannan. Na rage shi da ɗan baƙin fenti da na tsinka sosai, ya shiga lungunan, sai ta fara kama da ƙarfen da ya ga hanya.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ina ganin da wannan ya kamata ya fara. Kayan ba su yi yawan da za su firgita mutum ba, kuma suna haɗuwa ba gardama. Yaro ƙasa da shekara goma sha biyu dai kada a bar shi shi kaɗai da reza da tina.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai wa Baba ita a kan faranti. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya buɗe murfin baya da farce, ya yi shiru.

"Wannan ta girmi tamu," ya ce. "Dubi fitilunta a kwance. Tamu a tsaye suke, haɗin Legas ce."

"Haka ne, Baba. Wannan ta 1966 ce, tun ba a fara haɗa su a nan ba."

"Sai 1975 aka fara." Ya miƙo min, sannan ya fasa, ya ɗora ta a kan rediyonsa. "Bar ta nan. Amma ka sa mata lamba, mota ba ta fita ba lamba."

Har yanzu yana riƙe da lambar tsohuwar motarsa a ka. Ya faɗa min, na rubuta a bayan kwalin, gobe zan kai a buga min ita ƙanana a shagon masu kwamfuta.