Tukunyar iskar da babu komai a cikinta: sharhina kan tafiyar ayari zuwa tsaunukan Peru

Mu goma sha huɗu ne a ayarin, ni da maiɗakina kaɗai ne Musulmi, kuma tun kafin in biya kuɗi na aika wa kamfanin tambayoyi biyu: ko za a raba mu da naman alade da giya, da kuma tanadin da aka yi wa wanda tsayin wurin ya kayar. Suka amsa da cewa kowace mota tana ɗauke da tukunyar iskar oksijin, jagoran kuma ya sami horo. A kan wannan alkawari na biya.

Lima, babban birnin Peru, a bakin teku take. Daga can jirgi ya ɗauke mu, ba a yi sa'a ɗaya da rabi ba ya sauke mu a Kusko, birnin da ke kan tsayin kusan mita 3,400. Jos da muke kuka da sanyinta ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, Chappal Waddi kuwa, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya, mita 2,419 ne. Daga baya na gane cewa kamfanonin da suka san aikinsu sukan gangara da baƙi kwarin Urubamba, wanda bai kai mita 3,000 ba, su kwana biyu jiki ya saba. Namu kamfanin a ranar da muka sauka ya hau da mu ganuwar Saksaiwaman, sannan da asubahin washegari ya lodo mu a mota zuwa Vinicunca, dutsen nan mai launi-launi da ya haura mita 5,000.

Tun a hanya maiɗakina ta fara dafe kai. Da muka isa inda motoci ke tsayawa sai amai ya biyo baya, leɓɓanta suka sauya launi, ta riƙe mini hannu ta ce, "Alhaji, numfashin ba ya isa ta." Na nemi tukunyar da aka yi mana alkawari. Jagoran ya ciro ta daga ƙarƙashin kujera, ya murɗa, ya sake murɗawa, allurar ba ta ko motsa ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne murmushin da ya yi, kamar wanda ya manta biro a gida. Ya zuba mata wani turare a tafin hannu ta shaƙa, ya miƙo ganyen koka, wanda ake taunawa a can kuma daga shi ake haɗa hodar iblis, ya ce ai "soroche" ne, wato sunan da suke kiran wannan ciwo, kuma yana wucewa da kansa. Daga nan ya ja sauran mutane suka hau dutse, ya bar mu da direban da ba ya jin komai sai Sifaniyanci da Kecuwa, a cikin sanyin da hunturun Kano ba ya ko kusa da shi. Na roƙi a gangara da mu, direban ya nuna mini da hannu cewa ba zai tafi ya bar fasinjoji goma sha biyu a sama ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sa'a uku muka yi a wurin. Direban wata motar daban, wanda bai karɓi ko sisinmu ba, shi ne ya ga halin da muke ciki ya kawo tasa tukunyar. Allah Ya saka masa da alheri.

A asibiti a Kusko, tambayar farko da likita ya yi bayan ya auna ta ita ce nau'in ƙwayar jininta, wato genotype. Da na ce AS ce, ya bayyana mana cewa ƙarancin iska a irin wannan tsayi yana iya taɓa saifar mai ɗauke da ƙwayar sikila ko da bai taɓa ciwo ba a rayuwarsa, ya kuma hana ta zuwa Puno da tafkin Titikaka, inda tsayin ya haura mita 3,800. Takardar da kamfanin ya sa muka cike ta tambayi lambar fasfo da girman riga, amma babu layi ɗaya a kan wannan, alhali a ƙasarmu AS ba baƙon abu ba ne.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Da muka gangara kwari aka haɗa mu da wata jagora mai haƙuri, kuma Machu Picchu, kufan wani tsohon birni da ke kan dutse, da yake mita 2,430 ne kawai, ba ta wahalar da kowa ba. Abincin ma ya kusa sa in yafe. Miyar kinuwa, wata ƙwaya tasu mai kama da hatsi, ta tuna mini da acca, masararsu kowace ƙwaya ta kai girman farcen babban yatsa, ana cin ta da cuku, kuma sai a can na ji kunyar sunan "dankalin Turawa", domin daga waɗannan tsaunuka ya fito, launinsa da siffarsa iri-iri a kasuwa. Akwai wanda suke shanyawa a sanyin dare ya daskare, su tattake shi, rana ta busar, ya yi shekaru bai lalace ba. Naman alfaka, wata dabba dangin raƙumi, na bar shi saboda ban san yadda aka yanka ba, na tsaya a kan kifin ruwan sanyi, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. A garin Lamay kuwa ɓeran Masar ne ake gasawa a tsire a bakin titi. Abokan tafiya suka ci suna yabo, ni dai kallo ya ishe ni. Jagorar ce ta koya mana bambancin cica morada, abin sha na baƙar masara mai kama da zoɓo, da ɗayar cicar mai bugarwa da ake sayarwa a gidajen da suka kafa sanda da jar leda a ƙofa. Ita ce kuma ta gargaɗe mu kada mu sa ganyen koka a jaka idan za mu bar ƙasar. A ranakun nan na ƙudurta zan ba su uku cikin biyar.

Sai ga liyafar ban kwana. Aka ajiye wa kowa kofin pisko, giyarsu ta inabi, tare da soyayyen naman alade a tsakiyar tebur, mu biyu muka kwana da burodi da shayi. Da na dawo gida na nemi kuɗin kwana uku na Titikaka da ba mu je ba, da na asibiti da na biya daga aljihuna, na haɗa da hoton allurar tukunyar tana kan sifiri. Bayan mako biyar suka amsa da cewa rashin lafiya ba ya cikin abin da suke biya, amma sun yi mana rangwame idan muka sake tafiya da su. Ɗaya cikin biyar na ba su, kuma wannan ɗayan ma na jagorar nan ne.