Hattara da mai tallan "hutun Bilbao" a zaurukanmu na WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don ba wanda ke son fitowa fili ya ce an yi masa wayo, balle ni da nake ganin shekara tara a Sifaniya ta isa ta buɗe min ido. Amma shekaranjiya na ga tallan ya sake ɓullowa a wani zaure, hotunan nan dai su ne, lambar waya kawai aka sauya. Sai na ga idan na ci gaba da shiru, ni ma ina da hannu a asarar wanda za a kama gaba.

A Saragosa nake zaune da iyalina. Uwargida ta daɗe tana mitar cewa tun zuwanta ba ta san ko'ina ba sai kasuwa da makarantar yara, kuma gaskiyarta ce. Muka tsayar da Bilbao, a yankin Bask. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, ka tashi Juma'a bayan aiki, Lahadi da dare kana gida. Ita burinta ta ga Guggenheim, gidan zane-zanen nan mai ƙyalli da Frank Gehry ya tsara aka buɗe a 1997 a bakin kogi, ta ɗauki hoto da ƙaton karen furannin da ke ƙofarsa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, San Mamés nake son leƙawa, filin ƙwallon ƙafa na ƙungiyar Athletic, inda Iñaki da Nico Williams suka yi suna.

Ana cikin haka sai ga talla a zaure, da Hausa tsantsa, da sallama da komai. Kwana biyu a gida mai ɗaki ɗaya da falo a Casco Viejo, tsohon gari ke nan, da tikitin Guggenheim na mutum biyu, da tikitin shiga Gaztelugatxe, wani ɗan tsibiri da masu yawon buɗe ido ke zuwa, sannan matar mai tallan za ta dafa abincin halal ta aiko mana safe da dare. Duka Yuro 260. Maganar abincin ce ta kama ni. Duk wanda ya san Bilbao ya san abin alfaharinsu pintxos ne, 'yan lomomin nan da ake jerawa a kan kanta, kuma da yawansu akwai naman alade a ciki ko a ƙarƙashi. Mutumin ya san inda ke mana ƙaiƙayi, can ya sosa.

Muryarsa ta dattako ce. Saƙon murya yake aikowa, "Yaya" yake ce min, ya tambayi yara, ya yi addu'ar Allah Ya kai mu lafiya. Da na ce mu yi kiran bidiyo ya zaga da ni gidan, ya ce yana masana'anta kuma an hana su taɓa waya. Da na tambayi lambar rajistar gidan, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Yaya, tsakaninmu har sai an kai ga takarda?" Wallahi kunya ce ta rufe ni, kamar ni ne na yi laifi. Da Bature ne ya ba ni wannan amsa, da tuni na kashe wayata. Amma ɗan'uwa ne yake magana da harshen uwata a ƙasar da nakan yi mako ban ji shi a waje ba, sai na ga tsananta bincike rashin mutunci ne. A kan wannan kunyar ya gina kasuwancinsa gaba ɗaya.

Na tura rabi ta Bizum, hanyar tura kuɗi ta waya a Sifaniya, a matsayin kafin alƙalami. Kafin in danna amincewa, sunan da ya fito a waya ba nasa ba ne, sunan wata mace ne 'yar ƙasar. Ya ce matar mai gidan ce. Daga nan ya nemi hoton katin zamana gaba da baya, wai doka ta wajabta wa masu masauki rubuta bayanan baƙi. Wannan gaskiya ne, akwai dokar, shi ya sa ƙaryar ta shige ni. Ranar Alhamis ya kira a gaggauce, wai wasu iyali daga Faransa sun zo da kuɗi a hannu, in ban cika ba, su zai ba gidan. Wannan karon asusun banki ya turo, kuma lambar ba ta fara da ES ba, wato ba asusun Sifaniya ba ne. Na gani da idona. Na tura.

Mun sauka a tashar bas ta kusa da San Mamés wajen goma na dare, ana yayyafin nan nasu marar ƙarewa da suke kira sirimiri. Waya a kashe. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsohon gari da jakunkuna. Titin yana nan, ginin yana nan, lambar ƙofa daidai. Wata tsohuwa ce ta amsa ƙararrawa, ta ce babu gidan haya na baƙi a benen, kuma ba mu ne na farko da suka tashe ta kan wannan magana ba. Uwargida ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi min zafi a kan ta yi faɗa. Sai wajen sha biyu muka samu ɗaki a wani ƙaramin masauki, kuɗin kwana ɗaya ya kusa rabin abin da na riga na zubar.

Washegari na'urar ƙofar Guggenheim ta ƙi karɓar tikitinmu, muka sayi sabo. Amma abin da har yau ke ci min rai shi ne Gaztelugatxe. Ɗan tsibiri ne a gaɓar teku da ake hawa matakala 241 zuwa wani tsohon coci a ƙololuwarsa. Shiga wurin kyauta ne. A lokutan cunkoso ana bukatar ka yi rajista tun da wuri a shafin hukumar lardin Bizkaia, ita ma rajistar ko sisi ba a biya. Mutumin nan ya saka mana shi a lissafi kan Yuro 15 kowanne. Minti biyu na bincike a intanet da ya tona shi tun ranar farko.

Batun rajistar gida da na ji kunyar nacewa a kai, ba ƙaramin abu ba ne. A yankin Bask duk gidan da ake bai wa masu yawon buɗe ido haya dole ya shiga kundin gwamnatin yankin da ake kira REATE, a ba shi lamba. Na lardin Bizkaia, inda Bilbao take, lambarsu kan fara da EBI. Mai gida na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, shi ne ma zai fara manna lambar a talla. In an ba ka, ka duba ta yi daidai da adireshin, don ɗan damfara na iya kwafo ta wani. Hotuna kuma ka saka su a manhajar binciken hoto ta Google. Da na yi hakan bayan aikin gama ya gama, sai ga falon "namu" a tallan wani gida a wani gari daban.

Bizum da tura kuɗi kai tsaye kamar miƙa tsaba ne hannu da hannu, in sun fita sun fita. Na je bankina, suka ce ni na ba da umarni da kaina. Katin banki ko shafukan kama masauki da aka sani sun fi ba ka inda za ka kama in abu ya lalace, da sharaɗin ka biya a cikin shafin. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai yi maka rangwame, araha ba ta ado.

Kafin mu bar garin na kai ƙara wajen Ertzaintza, 'yan sandan yankin. Jami'in da ya karɓe ni bai tsaya kan kuɗin ba, kan hoton katina ya tsaya. Ya ce da irinsa ake buɗe asusu ko a nuna wa wanda za a cuta gaba don ya saki jiki, kuma mai yiwuwa matar da sunanta ya fito a Bizum ita ma an yi amfani da ita ne. Takardar ƙarar ce hujjata idan gobe wani ya zo yana cewa ni na cinye masa kuɗi. Wanda duk ya aika wa mutumin nan katinsa, ko da bai biya ko sisi ba, ya je ya shigar da ƙara a garin da yake. Akwai kuma layin 017 na hukumar tsaron intanet ta ƙasa, kyauta ne, suna ba da shawara.

Garin kansa bai yi mana laifi ba. Mun ci kifi a kasuwar Ribera, mun hau tudun Artxanda mun hango birnin, kuma a unguwar San Francisco muka tarar da mahautan halal da gidajen abincin 'yan Maroko, abin da na biya kuɗi a dafa min ashe yana tsallaken gada.

Sabon tallan na Aste Nagusia ne, babban bikin Bilbao na kwana tara da ke farawa Asabar ta bayan 15 ga Agusta, lokacin da masauki ke wuya da tsada. Masu kula da zauruka, don Allah ku duba. Yana farawa da "Albishirinku 'yan uwa mazauna Turai", ya ce saura gurbi biyu, kuma hoton farko falo ne mai koriyar kujera da taga mai farin labule. Lambar da yake amfani da ita yanzu ita ce ta uku da na gani.