Mai waldar da ya min zoben bakin rijiya a Yelwa

Jama'a ni dai sai na faɗi alherin wani bawan Allah mai walda a unguwarmu Yelwa nan Garwa, don wallahi ya share min hawaye. Bakin rijiyar gidanmu ne ke ta zaizayewa tun daminar bara, ga yara kullum suna wasa a wajen, hankalina ya ƙi kwanciya, sai na ce a ɗaure shi da zoben ƙarfe a sa murfi. Wanda na fara ba aikin ya auna faɗin bakin ya samu mita 1 da santi 20, ya ninka sau uku kawai ya yanko mita 3 da santi 60, da aka lanƙwasa aka zo ɗorawa baki ya ƙi haɗuwa, giɓi kusan taƙi guda, ga kuɗina sun tafi.

Shi kam wannan da kansa ya tako har gida da mitarsa. Ya auna daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, ta wajen siminti ba ta ciki ba, kuma wuri biyu ya auna don ya ce rijiyar da aka haƙa da hannu ba ta cika zagaye daidai ba. Sai ya ce Alhaji sau uku ba ya isa, akwai ɗan ƙari. Ya karɓi murfin tukunya wajen uwargida ya zagaye shi da zare, ya gwada zaren a faɗin murfin, sau uku ya shiga da ɗan saura, ya ce sauran nan shi ne ya cinye maka ƙarfe. Ashe 3,14 ɗin nan ne da aka koya mana a lekol muka manta, wanda suke kira pi. Ya buga 120 sau 3,14 a wayarsa ya fito 376,8 wato mita 3 da santi 77, ya ƙara kaɗan na wurin haɗi. Santi 17 ne na farkon ya rasa.

Zobe ya zauna daram, har fenti ya shafa saboda tsatsa. Inda zan ɗan yi ƙorafi shi ne lokaci, ya ce Alhamis amma sai Litinin na samu, an yi ta ɗauke wuta gaskiya, sai dai da ya kira ni ya faɗa da ban yi sawu biyu ba. Duk da haka ƙofar gidan ma shi zan ba in Allah ya yarda.