Masu shan sigari a Jidda da Makka, ku yi hattara da mai "ƙahon wanke huhu"

Salam 'yan uwa, musamman direbobi da masu aikin gini da ke zaune wajajen Karantina da Misfala. Akwai wani mutum da tallarsa ke yawo a status ɗin WhatsApp da TikTok, wai yana yin ƙahon da ke wanke huhun mai shan sigari da shisha, zama uku kacal numfashinka ya dawo sabo, har cewa yake ba sai ka daina sha ba. Ba zan kama suna ba don ba amfani, yau Dakta ne gobe Malam, lambar ma canzawa yake yi.

Ga yadda yake yi. Sai ka fara tura kafin alƙalami kafin ya baka lokaci, sannan ya zo ɗakinka da 'yar jakarsa, bashi da shago bashi da asibiti. Ya kafa kofuna a gadon bayanka tsakanin kafaɗu, ya tsattsaga, jini ya taru ya daskare yayi baƙi-baƙi, sai ya juye a tishu ya kawo maka daidai hancinka yace Alhaji kalli, wannan kwaltar sigarin shekara goma ce ta fito. Wallahi ƙarya ne. Jinin kowa in ya fito ya zauna a kofi haka yake daskarewa yayi duhu, ko na wanda bai taɓa riƙe karan sigari ba, duk wanzamin gida ya san wannan. Ƙaho jinin ƙananan jijiyoyin fata yake ja, shi kuwa huhu yana can cikin kejin haƙarƙari, babu wata hanya da dattin hayaƙi zai bi ya ratso ƙashi da nama ya faɗo kofi. Nikotin ma, sinadarin da ke cikin taba, hanta ce ke narkar da shi ya fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki.

Wani baffana direba ne ya faɗa hannunsa, shi yasa nake rubutun nan da zafi. Ya gama zama ukun, an ƙara masa da wata kwalbar zuma da habbatus sauda a kan kuɗi mai tsada, amma har yanzu in ya hau bene hawa biyu sai ya dafa bango yana haki. Da ya kira yayi ƙorafi sai aka ce masa ai dattin nasa ne yayi yawa, ya ƙara biyan wasu zaman. Abin da yafi tada min hankali shine da na tambaye shi, Baffa askar a gabanka ya ɓare ta daga takarda? Yayi shiru, yace daga aljihun jaka ya zaro ta, kofunan kuma tishu kawai ya sa ya goge. Ta nan ake kwasar ciwon hanta nau'in B da C har da HIV, kaje neman numfashi ka dawo da abin da yafi shi. Kuma mai ƙahon bai tambayi Baffa ko yana da ciwon siga ko yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin da warfarin ba.

Kar wani ya fahimce ni a baibai yace ina sukar ƙaho. Ƙaho sunna ne, ni ma ina yi, kuma anan Saudiyya akwai wuraren hijama masu lasisi ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, kofi sabo aska sabuwa, a yi maka a jefar. Shi wannan fakewa yake da hadisi, yana ta ambaton ranakun 17 da 19 da 21 ga wata don ka ji nauyin yi masa tambaya, kuma ya san da yawa cikin mutanenmu takardunsu basu cika ba suna tsoron asibiti, to da wannan tsoron yake cin abinci.

Gaskiyar da ba ya faɗa ita ce ƙananan jakunkunan iskar huhu in hayaƙi ya lalata su basa dawowa, wani nau'i kenan na cutar da likitoci ke kira COPD, sai dai a tsayar da ɓarnar, kuma daina shan ne ke tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tace cikin awa 12 da dainawa gubar hayaƙin da ke cikin jini take sauka, tsakanin sati 2 zuwa 12 aikin huhu ya fara gyaruwa, tari da sarƙewar numfashi kuma su ragu cikin wata 1 zuwa 9. Akwai kuma gwajin da ake baka bututu ka hura da ƙarfi na'ura ta auna iskar da ka fitar, ka ce wa mai ƙahon ku je a yi kafin ƙaho da bayan ƙaho ka ga ko zai sake ɗaga wayarka.

Mai tarin da yaƙi tafiya, ko kaki da jini, ko rama ba dalili, dan Allah asibiti. Ma'aikatar Lafiya na da asibitocin taimaka wa masu son barin taba, a kira 937 a tambaya, a nan ma ake kai ƙarar masu irin wannan aikin ba lasisi. Wanda kuma ya riga ya kwanta masa yaje a gwada jininsa na ciwon hanta. A tura wa 'yan uwa na Madina da Riyad ma, tunda ta waya yake farauta.