LilyPond: manhajar da na shirya tsohuwar waƙar Byrd da ita

Malamin waƙarmu ne ya ɗora mini aikin: in shirya wa ƙungiyar mawaƙan cocinmu "Ave verum corpus" ta William Byrd, mai tsara waƙa ɗan Ingila, tsaf yadda za a kai ta maɗaba'a. Waƙa ce ta murya huɗu da Latin, ta fito a littafinsa Gradualia wanda aka buga a Landan a 1605. Kofen da muke da shi ya sha fotokwafi har layukansa sun fara ɓacewa, kuma kowa ya yi masa ƙari da biro.

Wanda bai taɓa ganin bugun wancan zamani ba zai yi mamaki. Ba a jera muryoyin a shafi ɗaya. Kowace murya da ɗan littafinta, mai bas ba ya ganin abin da mai sofarano ke rerawa, kuma babu sandunan nan da ke raba waƙa gida-gida. Mai shirya sabon bugu shi zai jera su, ya sa sanduna, ya mai da tsofaffin mabuɗan, wato alamomin farkon layi da ke nuna sunan kowace nota, zuwa waɗanda mawaƙan yau suka iya karantawa. Duk abin da ya ƙara kuma dole ya nuna cewa nasa ne, ba na Byrd ba. A nan LilyPond, manhajar rubuta notocin waƙa, ta burge ni.

Kyauta ce. Wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara ta a 1996. Ba jan nota ake yi da linzami a ajiye kan layi ba, rubutawa ake yi da haruffa da lambobi, ita kuma ta fitar da PDF. Sunayen notocin ma na Holan ne: fis shi ne F mai shaf (alamar ɗan ɗaga nota), bes kuwa B mai filat (alamar ɗan sauke ta). Farkon fara ta akwai ciwon kai, ba zan ɓoye ba, musamman waƙafi da ɗigon sama da ke hawa da saukar da murya. Na haɗa ta da Frescobaldi, wata manhajar kyauta da ke ajiye rubutun a hagu, shafin waƙar a dama. Ka danna nota a shafin, sai ta kai ka daidai harafin da ya haife ta. Mai gyaran kurakurai ya san darajar wannan.

Abin da na fi so shi ne ta san bukatun tsohuwar waƙa tun asali. Shaf ko filat ɗin da edita ya ƙara, umarni ɗaya zai ɗaga shi sama da nota, ƙarami, don mai rerawa ya gane shawara ce. Ana iya sa guntun asali a farkon kowace murya, da tsohon mabuɗi da notoci masu siffar lu'ulu'u. Ana iya zana sanduna a tsakanin layukan muryoyi maimakon su ratsa notocin, don kada mawaƙa su riƙa dukan farkon kowane gida kamar masu fareti. Idan kuma lissafin gida bai cika ba, tana faɗa maka lambar layin rubutun da kuskuren yake.

Sai dai manhaja ba ta duba maka ma'ana. Wata 'yar'uwa mai karanta nota sosai ta karɓi kofen gwaji, ta zagaye farkon waƙar da jan biro: "Ɗan'uwa, sofarano ta yi F mai shaf, nan take bas ya shigo da F marar shaf. Ɗaya kuskure ne." Ba kuskure ba ne. Haka Byrd ya rubuta, kuma mawaƙan Ingila na lokacin suna son wannan ɗan karo na sauti. Na sa alamar tunatarwa a kan notar bas don kada wani ya sake "gyara" ta. Haka kuma zaman gaɓoɓin kalmomi a ƙarƙashin notoci, wannan sai ido da baki: mun zauna, ita tana rera alto daga hoton tsohon bugun, ni ina bi da yatsa a nawa. Sautin da manhajar ke fitarwa yana kama notar da ta kauce, amma ba ya furta kalma ko ɗaya.

Wajen bugu ne raina ya ɓaci, kuma ba laifin manhajar ba ne. Shagon da na kai wa sun rage girman shafin ba su tambaye ni ba, ƙananan alamomin nan na sama suka koma ɗigo-ɗigo. Na sa aka sake, a kan A4 cikakke, na tsaya har shafin farko ya fito. Duk mai irin wannan aiki ya nemi kofe ɗaya ya duba kafin a danna sauran, ya kuma lura kada juya shafi ya faɗo a tsakiyar jimla.

Wa zan ba shawarar ta? Mai haƙuri da ke son bugu mai tsabta wanda zai daɗe, ya kuma iya ɗaga ko sauke waƙar gaba ɗaya da layin umarni guda idan ta yi wa mata tsayi. Mai gaggawar waƙar Lahadi mai zuwa ya nemi wata. Kuma yawancin mawaƙanmu solfa suke karantawa, ita kuwa ba don wannan aka gina ta ba, don haka do-re-mi ɗin da hannu na rubuta musu a takarda daban.